Sallau Mai Gilashi da Motar Surukinsa

"To ni abin da ban gane ba," in ji Zakariya, yana goge baƙin mai daga hannunsa da tsumma, "idan tsohon ya ce ba mai taɓa masa mota sai shi, wa zai danna maka gilashin daga waje?"

"Shi," in ji Sallau.

"Shi wa?"

"Shi ɗin dai. Babansu."

"Baban su wa? Mutumin nan ba shi da suna ne?"

Sallau ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da naɗe igiyarsa a hannu. Zakariya ya san sunan sarai, tsokana ce kawai. Shekara biyu suna rumfa ɗaya a bayan tashar Talata Mafara, bai taɓa jin sunan Malam Labaran ya fito daga bakin Sallau ba.

"Surukinka," Zakariya ya ce, yana dariya har da riƙe ciki, "wanda in ka hango shi a kasuwa kake tuɓe takalmi tun daga rumfar masu barkono. Shi za ka ce wa danna nan, saki can? Kai, gobe akwai kallo a Janbako."

"Ka zo mu tahi tare mana."

"Gobe Lahadi, ina da coci. Kuma ko na je me zan yi? Kai da bakinka ka ce ko ƙuda bai yarda ya sauka a kan motar ba."

Ga yadda abin yake. Taiba, matar Sallau, ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, ta sauka lafiya, gobe take cika arba'in. Sallau ya share ɗaki, ya sa an yi sabon daɓe, ya sayo fitila. Sai ga saƙo daga Janbako ta bakin wani direban akori-kura: Malam Labaran ya ce jikansa ba zai hau bayan babbar mota tare da awaki ba, a motarsa za a kai su. Motar kuwa ba gilashin gaba, ba na baya. An sayo sababbi daga Gusau, da sababbin roba, suna nan ƙarƙashin gado. Mijin Taiba ya zo ya sa, tunda an ce sana'arsa ke nan. In ya sa lafiya, ya tafi da iyalinsa ranar. In ya fasa, babu irinsu a Gusau kuma, sai an aika Kano, mai zuwa Kanon kuwa sai bayan an yi girbi. Taiba ta ci gaba da zama har kaka.

Wata uku ke nan, ko huɗu. Sallau ya lissafa da yatsu ya sake lissafawa, bai ragu ba.

Shi dai Sallau ɗan Damri ne, da hauya ya tashi. Shekarar da aka soma gyaran filaye don magudanan ruwan dam ɗin Bakolori, manyan motoci suka shiga gonaki aka ce a dakata da shuka, sai ya bi sahun samari ya tafi neman aikin lebura. Aka duba shi, aka ga siriri ne ba zai yi ɗaukar siminti ba, aka tura shi garejin ma'aikata shara da wanke-wanke. A nan Zakariya, bakanike ɗan ƙasar Zuru, ya lura da wani abu: duk abin da aka ba yaron nan ya riƙe ba ya faɗuwa. Mutum ne da za ka sa wa ƙwai a aljihu ya je Maradun a keke ya dawo da shi lafiya. Sai ya ja shi ya koya masa aikin gilashi.

Aikin kuwa bai taɓa yankewa ba. Tifofi na jigilar tsakuwa daga safe har yamma, suna tafe suna feshi. Duk motar da ta bi bayansu sai ta samu rabonta. Da su biyun suka bar gareji suka kafa tasu rumfa, har direbobin tasha suka samu abin faɗa: in tifa ta yi maka sallama, Sallau ke amsawa.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Igiya ce siririya mai tsawon gaba uku, da sabulu, da sukudireba wadda ya dasashe bakinta da kansa, da tsumma. Zai sa roba ta zagaye bakin gilashi, ya cusa igiya cikin tsagar robar har ta zagayo, ya shafe ko'ina da kumfar sabulu. A ɗora gilashin a mazauninsa daga waje, bakin igiyar biyu suna ciki. Shi yana ciki yana jan igiya a hankali, leɓen roba yana hawa kan ƙarfe, wani kuma yana waje yana bin igiyar da tafin hannu, yana dannawa. In na waje ya yi sako-sako, roba ta zame, a sake daga farko. In ya danna da yatsa ko ya zuba ƙarfi wuri ɗaya, gilashi ya ce ƙas, shi ke nan an yi asara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle gilashin Fijo.

A zaman duniya Sallau ba shi da hayaniya. In mai shayi ya ba shi kofi ba sukari, shanyewa yake ya yi godiya. Amma da zarar igiya ta shiga hannunsa sai ya zama wani mutum. Ya taɓa daka wa wani saje tsawa har hularsa ta faɗi. Ya taɓa ce wa hedimastan Bakura ya je a koya masa hagu da dama. In an gama aiki aka ba shi labari, sai ya riƙe baki ya ce, "Ni? Ni nic ce haka?" Zakariya yakan ce Sallau biyu ne, ɗaya na gaisuwa, ɗaya na igiya.

Wannan na biyun shi Sallau yake tsoro, da ya kama hanyar Janbako da sassafe ranar Lahadi.

Ya isa da hantsi, sama a lumshe, ba rana. Gari shiru, maza duk sun tafi gona ana maimai. Tun daga nesa ya hango Malam Labaran zaune kan buzu a ƙofar zaure, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna wajen taku goma daga gare shi, ya kafa ido a ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina mutanen Mahwara?"

"Suna lahiya, sun ce a gaishe ku."

"Ina damana?"

"Ruwa sun yi gyara."

"Ina wasa da sabulu?"

"Alhamdu lillahi," in ji Sallau.

Haka Malam Labaran yake kiran sana'ar tun ranar da aka zo neman auren Taiba. Shi ɗan kasuwar albasa ne, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, wanda ya yi imani cewa aikin da ba ya sa gumi ba aiki ba ne. Bara ya sayi Fijo ta hannu wajen wani ma'aikacin dam da zai koma gida, ya koyi tuƙi da kansa a filin idi, kuma har yau jaki mai kuzari yana iya wuce shi. Gilashin gaba ya tafi ne saboda Malam ya yanke shawarar cewa direban tifa ya fi kowa sanin inda ramuka suke, don haka ya manne masa a baya tun daga mararraba. Na baya kuwa ragonsa ne ya leƙa, ya ga wani rago yana kallonsa, ya ja da baya ya shirya.

Motar tana ƙarƙashin bedi, wato darbejiya, an lulluɓe ta da tabarmi huɗu. Malam da kansa ya yaye su, ya kori wata kaza da ta mai da kujerar baya ɗakin kwananta. Da kansa kuma ya shiga gida ya fito da gilasan ɗaya bayan ɗaya, naɗe cikin bargo, yana tafiya kamar mai ɗauke da jariri.

Sallau ya kankare tsohuwar roba, ya tsince ɓaraguzan gilashi, ya goge ƙarfen tas. Da ya ɗauki sabuwar roba ya lanƙwasa, sai ya ji ta ƙandare kamar busasshiyar fata. A Mafara shanya ta yake a rana ta yi laushi. Yau ba rana.

"Mi ya faru?" in ji Malam.

"Ba komi, Baba. Wai dai da da ruwan zahi kusa, da an ɗan jiƙa ta."

"Ruwan zahi? Ai a gidanga kwana arba'in ba abin da muke da shi sai ruwan zahi. Kawo."

Kafin Sallau ya buɗe baki, Malam ya kwashi robobin biyu ya shige gida. A bayan ɗakin girki akwai ƙatuwar tukunya kan murhu, ruwan wankan jegon Taiba na ranar ƙarshe yana tafasa da ganyen bedi a ciki. Malam ya tsunduma su, ya rufe da faifai, ya dawo ya zauna, bai gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba aka ji ihu.

"Maciji! Maciji cikin tukunya! Biyu ne! Malam!"

Muryar Inna Turai ce, uwar Taiba. Sai kuma aka ji tim, tim, ƙarar taɓarya. Sallau ya miƙe zumbur, ya yi taku biyu, ya tuna gidan surukai ne, ya tsaya a bakin zaure. Kowane tim a ƙirjinsa yake sauka, don roba in ta tsage ita ma sai Kano.

"Ke Turai, tsaya! Robar mota ta!" in ji Malam, yana rugawa ciki.

"Robar mota cikin ruwan ɗiyata? Malam, tsuhwa ya kama ka? Da mi za ta yi wanka, da warin taya?"

Daga can cikin ɗaki wata dariya ta tashi, irin wadda mai ita ke ƙoƙarin dannewa tana ƙin dannuwa. Sallau ya san dariyar nan. Rabonsa da jin ta tun ranar suna, ranar ma daga nesa. Ya tsaya yana murmushi shi kaɗai kamar wawa, har Malam ya fito riƙe da robobin a bakin sanda suna tururi, ganye manne a jikinsu.

Ya duba su kaf. Taɓarya ta fi samun bakin tukunya. Roba ta yi laushi luɓus, har ta fi ta rana.

"Da na baya za mu hwara, Baba," ya ce wa ƙasa. "Shi ya hi ƙanƙanta."

Ya sa roba, ya cusa igiya, ya shafa sabulu. Suka ɗaga tare suka ɗora. Sallau ya shiga ya durƙusa a kujerar baya, ya kama bakin igiya. Da ya ɗaga kai sai ga fuskar Malam Labaran, gemu da komai, tazarar tafin hannu ɗaya tsakaninsu. Tunda aka ɗaura aure bai taɓa ganin fuskar nan kusa haka ba. Ashe akwai tabo a girarsa ta hagu. Ya yi maza ya sauke kai.

Ya soma ja. Roba ta hau, ta hau, ta iso kwana.

"Allah shi ƙara ma Baba lahiya, in ba damuwa, da za a ɗan taimaka a kai hannu wajen..."

Roba ta zame. Gilashi ya dawo baya.

Suka sauke, ya sake cusa igiya, ya sake shafa sabulu. Karo na biyu ya gajarta.

"Allah shi ba Baba haƙuri, da an ɗan..."

Ta zame.

"Kai, wai mi kake cewa ne?" in ji Malam. "Ni ban jin komi sai addu'a. Ɗaga murya!"

Ɗaga murya ga suruki. Sallau ya ji gumi yana bin bayansa. Karo na uku ya gwada wata dabara, ya juya ya fuskanci kazar da ta dawo tana leƙe ta ƙofa, ya ce mata, "Da ana danna hagu da an kyauta." Malam ya tsaya yana kallon kazar shi ma, roba ta zame.

Motar tana kusa da dangar gidan, kuma ashe duk abin nan akwai mai saurare a bayan zana.

"Baba," muryar Taiba ta fito, "shina jin kunyarka ne. Bari shi hwaɗa mani, ni in hwaɗa maka."

Haka aka yi. Sallau ya leƙo da kai ta tagar gefe yana raɗa wa zana, zana tana faɗa wa Malam da ƙarfi.

"Baba, wai ka danna sama!"

"Wane saman?"

"Wai wane saman? ... Wai na dama!"

"Damata ko damarshi?"

"Wai damarka ko... Baba, yac ce duk wadda ta yi maka daɗi."

"Ji wani zance," in ji Inna Turai, wadda ita ma ta matso. "Wagga sana'a ta mutum huɗu ce ashe."

Ko ta yaya dai, a karo na biyar leɓen roba ya zagayo, igiya ta fita, gilashin baya ya zauna daram. Sallau ya bi shi da yatsa, ya sauke numfashi.

Malam Labaran ya ja da baya, ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa.

"Ashe abin ba wuya," ya ce. "Dannawa ce kawai. Ai da na sani da ban aika Mahwara ba."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya naɗe hannun taguwa. Sallau ya ga damatsan nan da suka shekara talatin suna jefa buhun albasa kan mota. Mai jin tsoron gilashi ba ya fasa shi. Wanda ya ga ya iya, shi ke fasawa.

Ga shi gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta soma kaɗa ganyen bedi. Ga gilashin gaba ya fi faɗi, kuma a lanƙwashe yake, kwanarsa ba ta son wasa. Suna ɗora shi ke nan jariri ya tsala kuka a cikin gida.

"Ina zuwa," in ji zana. Takun Taiba ya yi nisa.

Sallau ya durƙusa a kujerar gaba, sitiyari yana tokare masa haƙarƙari. Ya jira. Kuka bai tsaya ba. Sabulu ya soma bushewa, kuma in ya bushe roba ba ta zamewa kan ƙarfe, sai dai ta yage. Ya yi bisimilla ya soma ja, idonsa a kan tabarmar ƙasa.

Ƙasan ya hau lafiya. Ya kama igiyar hagu ya nufi kwana.

"Allah shi ja kwanan Baba, da za a..."

Sai ya ji wata 'yar ƙara. Ba fashewa ba ce, wani ɗan kuka ne siriri da gilashi ke yi in an matsa masa, wanda duk Mafara mutum biyu kaɗai suka san shi. Ya ɗaga kai. Malam Labaran ya kafa manyan yatsunsa biyu a kan kwanar sama, ya turje ƙafa a ƙasa, ya cije leɓe, yana shirin zuba duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

"KAI! Ɗauke yatsunka!"

Yatsu suka ɗauke.

"Wa yac ce maka da yatsa ake yi? Da tahi! Buɗe hannun! Buhun albasa ne wanga? Shimfiɗa tahin nan. Ba nan ba, nan, inda igiya take! Kana da ido ko ado ne?"

Tafi ya sauka inda igiya take.

"Yauwa. Bi ni. Sannu. Sannu nic ce, ana korarka ne? Bubbuga. Ba mari ba, bubbugawa, kamar kana lallashin jinjiri. Haka. Matsa. Kar ka ɗaga! Wa yac ce ka ɗaga? Tsaya nan, ko numfashi kar ka yi."

Malam Labaran bai yi numfashi ba.

Kwanar hagu ta hau. Sallau ya saki wannan igiya ya cafki ta dama.

"Zagayo ta can. Gudu! Ƙato da kai kana tahiya kamar motarka. Hannu biyu. Ɗaya sama, ɗaya gehe. Danna. Ƙara. Ya isa! Bi ni, bi ni, bi ni..."

Leɓen roba yana bin igiya yana kwanciya kan ƙarfe, santi-santi, baƙi mai sheƙi. Igiyar dama ta haɗu da ta hagu a tsakiyar sama. Sallau ya naɗe su a hannu, ya ja ja ɗaya, suka fito fit. Gilashi ya yi wani ɗan nishi ya zauna.

"Shi ke nan," in ji Sallau. "Ka ga da ka saurara tun..."

Ya tsaya. Ta cikin sabon gilashin, tas kamar ba komai a tsakani, Malam Labaran yana tsaye, hannuwa biyu a sama cike da kumfa, baki buɗe. Bayansa, a saman danga, kan Inna Turai ne. Gefenta kan Taiba. Can kuma kan katangar maƙwabta akwai wasu kawuna uku da bai san masu su ba.

Wannan karon ba sai an ba shi labari ba. Kowace kalma tana nan a kunnensa.

Sallau ya sulale a hankali, ya sauka daga kujera, ya dunƙule a ƙarƙashin sitiyari tsakanin birki da kulochi. Ya yanke shawara a nan zai zauna. In an tashi sayar da motar a sayar da shi.

Ɗigon farko ya faɗo kan rufi, sai na biyu, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kawuna suka ɓace daga danga. Ƙofar gefe ta buɗe, motar ta nutsa ɓangare ɗaya, Malam Labaran ya shigo ya zauna ya ja ƙofa.

Ruwa yana dukan gilashi yana gangarowa. Malam ya miƙa yatsa, ya tuna, ya mai da shi, ya buɗe tafin hannu ya bi bakin robar tun daga wannan kwana har waccan. Ya duba tafin. Ya juya da ƙyar ya leƙa na baya. Ya jira ruwa ya ƙara ƙarfi, ya sake bi. A bushe.

"Hito daga nan," ya ce. "Za ka taka mani birki da kai."

Sallau ya fito ya ɗosana a gefen kujera, ya juya fuska ga ƙofa.

"Mi kac ce da tahiyata?"

"Ban ce komi ba, Baba."

"Ka ce. Kamar motata, kac ce."

"Ba ni ba ne, Baba. Igiya ta."

Malam ya shafa gemu, kumfar sabulu tana komawa ciki.

"Rabon da a yi mani tsawa irin wagga tun ina yaro, ranar da nis saki jakin babana cikin gonar hakimi." Ya kalli kwanar gilashin. "Da na danna da ya hwashe?"

"Da ya hwashe, Baba."

"Har Kano?"

"Har Kano."

"Hm." Malam ya kalli gilashin, ya kalli hannuwansa. "Akwai gumi ciki ashe."

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi ƙara girma."

"Wanga zance ya tsaya cikin mota. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Daga cikin gida, ta tsakiyar ƙarar ruwa, muryar Inna Turai ta taso, ta ƙanƙance ta tana kwaikwayo: "Da tahi, Malam! Buɗe hannun! Kana da ido ko ado ne?" Wasu mata suka kwashe da dariya, har da guɗa.

Malam Labaran ya rufe ido na ɗan lokaci.

Ruwan bai daɗe ba, irin na tsakar rana ne mai zuwa da fushi ya wuce. Da ya tsagaita Malam ya sauke gilashin gefe ya leƙa sama.

"In munka tashi bayan azahar, mu isa Mahwara kahin magariba," ya ce. Tafiyar da direbobin tasha ke yi kafin shayi ya huce ke nan. "Kai za ka zauna baya da su. Kayan gara na nan cikin zaure, buhu biyu na shinkahwa, da tulun mai, da wasu tarkacen uwarta. Ka iya ɗaukar buhu, ko shi ma sai da sabulu?"

"Ina iyawa, Baba."

"To mi kake jira?"

Sallau ya buɗe ƙofa ya sauka cikin taɓo. Ya naɗe igiyarsa ya cusa a aljihu, ya nemi takalmansa ya ga ruwa ya tafi da ɗaya har gindin bedi. Ya bar shi a can, ya buɗe but ɗin motar, ya nufi zaure ɗauko buhun farko.